GONAR MATALAUCI DA HANNUN AZZALUMI: Me Ya Sa Waɗansu Ƙasashe Suka Ci Gaba, Waɗansu Suka Tsaya?

Gabatarwa

Akwai tambayar da yara sukan yi wa iyayensu, iyayen kuwa su rasa amsa. Yaro ya ga wani birnin ƙasar waje a talabijin, ga hanyoyi shimfiɗe, ga asibitoci, ga wutar lantarki dare da rana, sai ya juyo ya ce, "Baba, ashe ba Allah ɗaya ne ya yi mu da su ba?" Amsar da za a ba yaron nan tana da nauyi ƙwarai, gama ita ce za ta bi shi har girmansa. In aka ce masa ƙaddara ce, zai naɗe hannu. In aka ce masa la'ana ce, zai rena kansa da jama'arsa. In aka ce masa laifin Turawa ne kaɗai, zai girma da ɗacin rai, ba kuwa zai ga abin da ya rage a hannunsa ba. In kuma aka ce masa ƙasarsa ta fi ƙarfin gyara, wata rana zai ɗauki jaka ya nufi Agadas, ya sa ransa a hannun hamada da teku.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2025 Bankin Duniya ya sa ma'aunin matsanancin talauci a kan dala 3 a rana, ya kuma ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 800 ne ke ƙasa da wannan ma'auni, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A nan gida, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa 'yan Nijeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna fama da talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi, ruwan sha ko wurin zama.

Ayar da wannan nazari ya dogara a kanta ita ce Karin Magana 13:23. Abin da take koyarwa shi ne, gonar matalauci tana iya ba da amfani mai yawa, amma rashin adalci yakan share shi. A cikin ayar akwai gona, akwai aiki, akwai amfani, sa'an nan akwai hannun da ke kwashewa. Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren tambayar yaron nan.

Amsoshi Uku Da Ya Kamata A Ajiye

Ta fari ita ce zancen la'ana. An daɗe ana cewa baƙar fata zuriyar Ham ce, Nuhu kuwa ya la'anta Ham, saboda haka aka rubuta wa Afirka bauta da talauci. Masu cinikin bayi ne suka yaɗa wannan koyarwa don su kwantar da lamirinsu, abin baƙin ciki kuma har yau ana jinta a bakin waɗansu masu bi. Duk wanda ya buɗe Farawa 9 ya karanta a natse zai ga cewa sunan Kan'ana ne Nuhu ya ambata. Sauran 'ya'yan Ham, wato Kush da Masar da Fut, waɗanda ake danganta su da Afirka, ba a furta musu kome ba. A Farawa 41, ƙasar Masar ce ta ciyar da ƙasashen kewaye sa'ad da yunwa ta yi tsanani. A Ayyukan Manzanni 8, mutumin Habasha da Filibus ya yi wa baftisma ma'ajin dukiyar sarauniya ne. Da almajirai suka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, a Yohanna 9, ya ƙi ɗora wa mutumin ko iyayensa laifi.

Haka nan arzikin ƙasa ba shi ne ma'aunin bangaskiyarta ba. Japan tana cikin ƙasashe mafi arziki a duniya, Kirista kuwa kaɗan ne a cikinta. Sin ta fitar da mutum wajen miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara 40 da suka biyo bayan 1978, a ƙarƙashin gwamnatin da ba ta bin addini. Allah yana sauko da ruwan sama a kan masu adalci da marasa adalci, kamar yadda Ubangiji ya koyar a Matiyu 5. Kowace al'umma da ta kiyaye ƙa'idodin aiki, tanadi da gaskiya a ma'amala takan ci amfaninsu.

Ta biyu ita ce zancen lalaci. Gaskiya ne Littafin Karin Magana ya tsauta wa rago, ya aike shi ya koyi darasi wurin tururuwa. Amma wa zai dubi macen da ta tashi tun asuba, ta ɗebo ruwa, ta yi noma, ta ɗauko itace a ka zuwa kasuwa, ya ce lalaci ne ya talauta ta? Bambancin manomin Filato da manomin Holan ba a yawan gumi yake ba. Ɗaya yana da fartanya, ɗayan yana da tarakta, ingantaccen iri, hanya, wurin ajiya, rance mai sauƙi da kasuwa tabbatacciya. Ɗan Nijeriyan da aka ce ba ya ƙoƙari a gida, shi ne yake zama likita ko injiniya abin yabo in ya je waje. Mutumin bai sāke ba, wurin da yake aiki ne ya sāke.

Ta uku ita ce zancen rashin albarkatun ƙasa. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tana da tagulla, zinariya da lu'ulu'u, ita ce kuma ke fitar da mafi yawan ma'adinin kobalt da duniya ke sa wa a batiran waya da na mota, duk da haka mutanenta suna cikin mafi talauci a duniya. Singafo kuwa ɗan tsibiri ne wanda har ruwan sha yakan saya daga maƙwabciyarsa Malesiya, amma yana cikin mafi arziki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, in ji masu iya magana.

Ƙasa Da Yanayi

Wannan ba ya nufin wurin zama ba shi da tasiri. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutum wajen 600,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka, Nijeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa ɗaukar wannan kaya. Manomin da zazzaɓi ya kwantar a tsakiyar damina ya yi hasarar shekara guda. Yaron da ke yawan kwanciya ba ya bin karatu. Ƙasar da ba ta da bakin teku, kamar Nijar ko Chadi, dole kayanta su yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye kafin su kai tashar jirgin ruwa, kowace iyaka kuma da kuɗinta. Ga fari, ga gurgusowar hamada.

Waɗannan nawaya ne na gaske, suna sa tafiya ta yi wuya. Sai dai ba su ne ke yanke hukuncin ƙarshe ba. Suwizalan ba ta da bakin teku. Italiya ta yi fama da zazzaɓin sauro ɗaruruwan shekaru kafin ta rabu da shi. Abin da ke raba ƙasa da ƙasa shi ne abin da mutane suka yi da nawayar da suka tarar.

Tabon Tarihi

A nan ne hannun azzalumi ya fara bayyana. Cikin shekara wajen 350, an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka, ban da waɗanda aka bi da su ta hamadar Sahara da Tekun Indiya. Majiya ƙarfi aka kwashe, wato manoma da maƙera da masaƙa na gobe. Dole kuma a faɗi gaskiya, Turawa da Larabawa sun saya, amma sarakuna da fataken Afirka ne suka kama 'yan'uwansu suka sayar. Al'ummomi da dama a tsakiyar Nijeriya sun bar filayen noma masu kyau suka hau duwatsu don gudun masu harin bayi. Inda mutum ba ya amincewa da baƙo, ciniki ba ya girma.

Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, ƙasashen Turai suka raba nahiyar a tsakaninsu. Aka tsara tattalin arzikin kowace ƙasa domin ta fitar da ɗanyen kaya guda ko biyu. Hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911, da wadda ta hau Jos bayan 'yan shekaru, an shimfiɗa su ne domin gyaɗa, auduga da kuza su gangara bakin teku. Taswirar hanyoyin jirgi na Afirka har yau tana nuna haka, kusan kowace hanya daga cikin ƙasa take fita zuwa tashar jirgin ruwa, kaɗan ne ke haɗa ƙasa da maƙwabciyarta.

Kwango ta fi kowa shan wuya. Daga 1885 zuwa 1908 ta zama mallakar mutum ɗaya, Sarki Liyofol na Biyu na Beljiyam, aka tilasta wa mutane tara roba, wanda ƙauyensu bai cika mudu ba a kashe shi ko a yanke masa hannu. Sa'ad da ƙasar ta sami 'yanci a 1960, 'ya'yanta da suka gama jami'a ba su kai 30 ba. A can ƙetaren teku kuma, bayin Haiti sun ƙwaci 'yancinsu a 1804, amma a 1825 Faransa ta tilasta musu biyan diyyar faran miliyan 150 ga iyayengijinsu na dā. An rage kuɗin daga baya, duk da haka bashin da aka ci domin biyansa bai ƙare ba sai 1947. Bawa ne ya biya ubangidansa kuɗin 'yancinsa, har jikoki da tattaɓa kunne.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki irin wannan da sauƙi ba. A Amos 1, Allah ya yanke wa Gaza da Taya hukunci domin sun kwashe jama'a ɗungum sun sayar. Allah yana shari'anta al'ummai, ba mutum ɗaya ɗaya kaɗai ba.

Mudun Kasuwar Duniya Da Igiyar Bashi

Mulkin mallaka ya ƙare, amma tsarin cinikin da ya bari bai ƙare ba. Kwaddibuwa da Gana suna noma fiye da rabin kokon duniya, amma manyan kamfanonin cakulan suna Turai da Amurka, abin da ke isa hannun manomi kuwa ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin da mai saye ya biya. Riba tana wurin sarrafawa. Shekaru da yawa Nijeriya tana sayar da ɗanyen mai tana sayo tataccen fetur daga waje, kafin matatar Dangote ta fara fitar da fetur a 2024. A 2003, ƙasashen Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali sun kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, cewa tallafin da ƙasashe masu arziki, musamman Amurka, ke ba manoman audugarsu yana karya farashi, yana talauta manoman Afirka. Annabi Amos, a sura 8, ya yi magana a kan 'yan kasuwa masu rage mudu, masu ha'inci a ma'auni. Mudun algus yana iya kasancewa tsakanin ƙasa da ƙasa kamar yadda yake a kasuwar ƙauye.

Sai kuma bashi. A shekarun 1970 ƙasashen Afirka da yawa sun ci bashi mai yawa. Da farashin kayansu ya faɗi, kuɗin ruwa kuma ya hau, sai biya ya gagara. Masu ba da rance suka gindaya sharuɗɗa, aka karya darajar kuɗi, aka rage abin da ake kashewa a makarantu da asibitoci. Dattawa ba su manta da shirin tsuke bakin aljihu da aka fara a Nijeriya a 1986 ba.

A wannan wuri ikilisiya ta yi abin da ya kamata a riƙa tunawa. Firistoci 25 ya umarci Isra'ila su kiyaye shekara ta 50, a saki bayi, kowa ya koma gādonsa. Maimaitawar Shari'a 15 ta ce a yafe bashi kowace shekara 7. Manufar ita ce kada talaucin uba ya zama gādon ɗa har abada. Bisa ga wannan koyarwa Kiristoci a ƙasashe da dama suka tsaya a gaban yunƙurin da aka kira Jubili 2000. A watan Mayu 1998, mutum wajen 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin Bamingham na Ingila, inda shugabannin manyan ƙasashe ke taro, suna roƙo a yafe wa matalautan ƙasashe bashi. Kukan ya yi amfani. A 2005 aka yafe wa ƙasashe da dama, Nijeriya ma ta daidaita da ƙungiyar masu binta bashi ta Faris, aka yafe mata dala biliyan 18 daga cikin wajen biliyan 30, ta biya sauran.

Amma me ya biyo baya? Ba a yi shekara 20 ba bashin ya sāke taruwa, har a 2022 biyansa ya cinye mafi yawan kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wannan ya kai nazarin ga sashe mafi wuyar ji, gama in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Riƙon Amana A Cikin Gida

Tarihi da kasuwa sun yi wa ƙasashe da yawa rauni iri ɗaya, amma ba dukansu suka kwanta ba. Misalai uku za su nuna dalili.

Na fari, Koriya. Jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya, tarihi ɗaya. Japan ta mulke ta daga 1910 zuwa 1945, sa'an nan aka raba ta biyu, yaƙin 1950 zuwa 1953 kuma ya ragargaza ta. Arewa ce ta gāji yawancin ma'adinai da manyan masana'antu. A 1960 abin da ɗan Koriya ta Kudu ke samu a shekara bai fi na ɗan Gana ba. Amma Kudu ta raba gonaki ga manoman da ke noma su, ta sa kusan kowane yaro a makarantar firamare, ta kuma matsa wa kamfanoninta su ƙera kayan da za su iya sayarwa a kasuwar duniya. Ta sami taimako mai yawa daga Amurka, ta kuma mai da shi jari. Ba a ce shugabanninta tsarkaka ba ne, ta sha mulkin soja mai tsanani har 1987. Amma a 1996 kotu ta yanke wa tsofaffin shugabanninta biyu hukunci, cikin laifofinsu har da cin hanci. A 2023 abin da ɗan Koriya ta Kudu ke samu ya wuce dala 30,000 a shekara, fiye da ninki 10 na ɗan Gana. Arewa kuwa, inda iyali ɗaya ke mulki tun 1948, yunwa ta kashe mata ɗimbin mutane a shekarun 1990. Hotunan da ake ɗauka daga sararin sama da dare suna nuna Kudu tana haske, Arewa tana cikin duhu. Ba jini ba ne ya raba su, ba kuma yanayi ba. Irin mulki ne.

Na biyu, Botsuwana. Da ta sami 'yanci a 1966 tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, ba bakin teku, yawancin ƙasar hamada, hanyar kwalta kuwa 'yan kilomitoci kaɗan. A 1967 aka gano lu'ulu'u a Orafa, cikin yankin kabilar shugaban ƙasa, Seretse Khama. Da ya so, da ya riƙe wa danginsa. Maimakon haka gwamnatinsa ta sa doka cewa ma'adinai na ƙasa duka ne, ta yi yarjejeniya da kamfanin De Beers, ta zuba rabonta a makarantu, asibitoci, hanyoyi da ajiya. Botsuwana tana da nata matsaloli, akwai rashin aikin yi da tazara tsakanin mai shi da marar shi, faɗuwar kasuwar lu'ulu'u kuma ta taɓa ta. Duk da haka dutsen da ya gina azuzuwa a Botsuwana shi ne ya sayi bindigogi a yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002.

Na uku, man fetur. An gano mai a Oloibiri a 1956, Nowe kuwa ta gano nata a 1969. A 1990 Nowe ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai domin 'ya'ya da jikoki, ta sa doka a kan abin da za a iya taɓawa kowace shekara. A 2017 asusun ya wuce dala tiriliyan 1. Gaskiya ne mutanen Nowe ba su kai miliyan 6 ba, 'yan Nijeriya kuwa sun wuce miliyan 200, don haka rabon ba zai zama ɗaya ba. Amma Nijeriya ma ta buɗe asusun rarar kuɗin mai a 2004. Ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008. A 2022 abin da ya rage ciki bai kai dala miliyan 1 ba. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekara 7 na ƙoshi, Masar ta tsira. Shawarar ba ta da wuyar ganewa. Abin da ke da wuya shi ne samun amintaccen da za a danƙa wa mabuɗin rumbu.

Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya jagoranta ya ba da rahoto a 2015 cewa fiye da dala biliyan 50 ke sulalewa daga Afirka kowace shekara ta haramtattun hanyoyi. Akwai ɓarawon gida, akwai kuma mai ajiye masa a waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin Nabot a 1 Sarakuna 21 ya nuna yadda zalunci ke kashe arziki. Sarki ya yi sha'awar gonar talaka, aka sayi shaidun ƙarya, dattawan gari suka ba da haɗin kai, aka kashe mai gona. Bayan wannan, wane mutumin Yezireyel ne zai sāke dasa itacen da sai bayan shekaru yake ba da 'ya'ya? Inda kotu ke sayuwa, inda mai iko ke ƙwace fili, inda manomi ba ya iya zuwa gona saboda 'yan bindiga, ba wanda zai zuba jari, ɗan gida ko baƙo. Yaƙi da tashin hankali kuwa sukan rushe cikin kwana ɗaya abin da aka gina a shekara 20.

Nehemiya 5 ya nuna ɗaya gefen. Jama'a sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa, sun ci bashi don biyan harajin sarkin Farisa, har 'ya'yansu sun shiga bauta. Akwai nawayar mulkin waje, amma masu matsa musu na kusa 'yan'uwansu ne manya. Nehemiya bai iya sauke harajin Farisa ba. Ya gyara abin da ke hannunsa, ya tara manya ya sa suka mayar da gonaki, shi kansa kuma shekara 12 bai karɓi abincin da aka saba ba gwamna ba, saboda tsoron Allah.

Abin Da Ya Rage Ga Iyalin Kirista

Iyali ɗaya ba zai sāke farashin koko a kasuwar duniya ba. Amma ministan gobe, alƙalin gobe da ma'ajin gobe, yau suna zaune a kan tabarmar wani gida suna kallon iyayensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da fari, a tsarkake mudun gida. Uban da ya saya wa ɗansa amsar jarrabawa, uwar da ta zuba ƙasa a buhun masara, ma'aikacin da ya sa hannu a aikin da ba a yi ba, duk suna yin abin da suke zagin shugabanni a kansa, sai dai a ƙaramin mudu.

Na biyu, a daina girmama dukiyar da ba a san tushenta ba. Muddin ikilisiya tana ba mai satar kuɗin jama'a kujerar gaba saboda babban baikonsa, tana koya wa matasa cewa sata tana da lada. Yakubu 2 ya yi gargaɗi a kan wannan. Haka nan ma'ajin ikilisiya ya riƙa karanta lissafi a fili. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya tafi da waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa domin kada a sami abin zargi.

Na uku, a sa kowane yaro a makaranta, mace da namiji, a kuma koya masa sana'ar hannu. Makarantu da asibitocin da aka kafa a wurare kamar Gindiri, Vom, Garkida, Numan da Kagoro sun sāke rayuwar al'ummai dungum. Wannan gādo amana ce a hannun masu bi na yau.

Na huɗu, a koyi tanadin Yusufu. Gidan da ke sayar da hatsi da arha a kaka domin biki, ya sayo shi da tsada a tsakiyar damina, yana maimaita kuskuren asusun mai. Adashen zumuntar mata da ƙungiyoyin manoma hanya ce mai kyau, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, kada a sayar da ƙuri'a. Wanda ya karɓi mudun shinkafa ranar zaɓe ya sayar da asibiti da makaranta na shekara 4. A zaɓi mutum saboda amincinsa, a bi shi da tambaya bayan ya hau, ko da ɗan kabila ne ko ɗan ikilisiya.

Na shida, a nemi zaman lafiya da maƙwabta, a kuma tuna da waɗanda suka fi shan wuya. Da yunwa ta auku a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya sun aika da taimako Yahudiya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ikilisiyoyin Makidoniya kuwa suna cikin talauci ƙwarai sa'ad da suka roƙa a bar su su bayar.

Kammalawa

Yanzu ana iya amsa wa yaron nan. Allah ɗaya ne ya yi dukan al'ummai, bai kuwa rubuta wa kowace talauci ba. Ya ba da gona, gonar kuma tana ba da amfani. Hannun waje ya kwashe, hannun gida ma ya kwashe, Allah kuwa zai tambayi dukansu. Amma Koriya ta Kudu da Botsuwana sun shaida cewa ƙasa tana iya tashi cikin rayuwar mutum ɗaya, in aka sami masu riƙon amana. Irin waɗannan mutane kuwa a gida ake renonsu.

Tambayoyi Don Tattaunawa A Iyali

1. A karanta Farawa 9:18-27. Wa aka la'anta? Yaya za a amsa wa mai cewa Afirka la'ananniya ce?
2. A Nehemiya 5, wace wahala ce ta zo daga waje, wace ce kuma ta fito daga cikin gida?
3. Waɗanne ƙananan halaye ne a gida, a kasuwa ko a wurin aiki suke kama da mudun algus?
4. Wane tanadi iyalin nan zai fara a kakar bana?

Abin Addu'a

A roƙi Ubangiji ya ba ƙasa shugabanni masu tsoronsa kamar Yusufu da Nehemiya, ya ta'azantar da waɗanda yunwa da tashin hankali suka raba da gidajensu, ya kuma sa kowane gidan masu bi ya zama wurin da ake koyon gaskiya da riƙon amana.